Shin in ajiye alƙalami in koma zaga gari da baƙi?

Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 34, ina da mata da yara biyu, muna zaune a cikin birnin Kano. Tun da na gama jami'a ban taɓa aikin albashi ba, da rubutu nake ci: rahotanni ga jaridun intanet, fassara daga Turanci zuwa Hausa ga ƙungiyoyin agaji, wani lokaci rubutun talla. Da can alhamdu lillahi. Yanzu kuwa aikin ya ja baya. Wasu na'ura ce take yi musu fassarar, sai su turo mini in gyara su ba ni rabin abin da suke ba ni a da. Wata jarida ma tana riƙe da kuɗina tun kafin azumi. Kwanakin baya wani abokina ya haɗa ni da baƙi uku da suka zo biki daga Legas, na zaga da su Dala da marina da Kurmi, yini guda. Da za su tafi suka ba ni abin da sai in yi mako biyu ina rubutu ban samu ba, kuma rabon da in ji daɗin aiki kamar na ranar har na manta. Tun daga nan zuciyata ta tafi. Ina tunanin in sayar da filin da na gada, in sayi bas, in buɗe kamfanin yawon buɗe ido, in bar rubutu gaba ɗaya. Maiɗakina ta yi shiru da na gaya mata. Hajiyarmu kuma ta ce da digirina ba zan koma ɗan rakiyar Turawa ba. Me ka gani?

Ƙaninka daga cikin birni.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya buɗa mana baki ɗaya.

Bari in ba ka amsar tun da fari, dalilai su biyo baya. Kada ka sayar da filin nan. Kada ka sayi bas. Kada ka sallami masu ba ka aikin rubutu. Amma zaga gari da baƙi, ka fara shi, kuma ba sai baɗi ba. Ka raba sana'ar da motar a ranka. Sana'ar ba ta neman komai a wurinka sai ƙafa da baki da waya. Motar kuwa gadon mahaifinku za ta lashe tun ba ka san ko akwai kasuwa ba.

Yinin nan da ya tafi da zuciyarka, mu duba shi da kyau. Mutum uku ne suka zo biki, aljihu da nauyi, rai fari, abokinka ya riga ya gaya musu kai marubuci ne, ka yi musu hidima ba tare da an yi ciniki ba. Abin da suka miƙa maka da yamma kyauta ce. Mai kyauta girman kansa yake dubawa da girman wanda zai ba, mai saye kuwa tayawa yake yi. Ran da ka sa farashi a takarda, su waɗannan ukun da kansu za su tambaye ka ko babu ragi, kuma ko kuɗin ya haɗa da abincin rana. Sannan ka auna yini ɗaya da mako biyu na rubutu, alhali tambayar da ta dace ita ce sau nawa irin wannan yinin zai zo a wata. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Maganar Hajiya ta Turawa ita zan fara ɗauka, don ina zargin kai ma su kake hangowa idan ka rufe ido ka ga bas ɗinka cike. Ka cire su daga lissafi. Gwamnatocin Amurka da Ingila sun daɗe suna gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa jihohin Arewa da dama, kuma kamfanin inshora ba ya tsaya wa wanda ya take gargaɗin gwamnatinsa. Wanda zai zo duk da haka, yawanci ma'aikacin ofishin jakadanci ne ko na wata ƙungiya, da direbansa da masu tsaronsa da jadawalin da aka tsara masa tun daga Abuja. Ɗai-ɗai masu yawon duniya da jaka a baya suna ɓullowa, amma ba a ciyar da gida da ɗai-ɗai.

Ka tambayi mutanen Agadas. Akwai lokacin da jirage suke tasowa daga Faransa kai tsaye su sauka can da sanyi, garin cike da masu jagora da direbobin Sahara da maƙeran azurfa da masu raƙuma, kowa yana ci daga baƙon da ya zo ganin tsaunukan Abzin da rairayin Tenere. Tawaye ya ɓarke a 2007. A 2010 aka sace ma'aikatan haƙar yuraniyom a Arlit. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Mutanen da suka fi ka sanin sana'ar nan nesa ba kusa ba, masu motoci nasu na kansu, suka wayi gari ba wanda za su ɗauka. Da yawansu suka koma jigilar masu tafiya Libiya, har dokar 2015 ta haramta wannan ma, aka kama wasu aka ƙwace motoci, sai a Nuwamba 2023 gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar. Abin lura, a 2013, tsakiyar wannan hali, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin Agadas da hasumiyarsa cikin wuraren tarihi na duniya. Takardar ta zo, baƙin ba su biyo ta ba.

Mu ma mun ga irinta a gida. A Disamba 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake alfahari da su. A Babbar Sallar shekarar kuwa 'yan sanda sun hana hawa saboda rikicin sarauta, suka sake hanawa a Ƙaramar Sallar 2025. A 2020 annobar korona ce ta hana. Ka ɗauka kai ne ka karɓi kuɗin mutum goma, ka kama musu ɗakuna, ka yi musu alkawarin Hawan Daushe da jahi a Ƙofar Kudu, sanarwa ta fito ana saura kwana biyu. Wa zai mayar da kuɗin? Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a Maris 2020. Wannan sana'a ce da wata magana da aka yanke a ofishin da ba ka taɓa shiga ba za ta iya rufe maka ita dare ɗaya. Shi ya sa ba a zuba mata gado.

To su wa za su biya ka? Suna nan, sai dai ba su yi kama da na cikin mafarkinka ba. Irin baƙinka na Legas su ne na farko: masu zuwa biki, masu zuwa taro a Jami'ar Bayero, masu zuwa bajekolin ƙarshen shekara, ma'aikatan banki da na kamfanonin waya da aka turo Kano suka shekara ba su taɓa wuce Nassarawa da Bompai ba. Akwai 'yan bautar ƙasa da ake sallamowa daga sansanin Kusalla a Ƙaraye, ba su da kuɗi da yawa amma suna da yawa, suna kuma son hoto. Akwai 'ya'yan Kanawa da aka haifa a Abuja ko Landan ko Jidda, iyayensu suna jin ciwon yaran ba su san inda kakansu ya fito ba, kuma uban ba shi da lokaci ko ba shi da labarin. Akwai ɗalibai masu bincike da 'yan jarida da masu ɗaukar fim, waɗanda suke neman wanda zai buɗe musu ƙofa ya yi musu tafinta. Sama da duka akwai makarantu. Kowane zango makarantun kuɗi suna loda yara a bas su kai su Gidan Makama da gidan zu, malami ɗaya yana daka tsawa, yara suna cin biskit, a dawo ba wanda ya riƙe ko suna ɗaya. Marubucin da zai je wa shugabar makaranta da shiri a rubuce, ga inda za a je, ga abin da yara za su koya, ga takardar tambayoyi da za su cike a hanya, ya samu abokin ciniki da zai dawo kowace shekara. Kuma makarantar ce za ta zo da motarta.

Ka lura duk waɗannan ba mai buƙatar bas ɗinka. Cikin birni ma da ƙafa ake shigarsa. Lungunan Kurmi da Sharifai da Dala ba sa ɗaukar mota, inda ƙafa ta gaza adaidaita sahu ya isa. Ran da ka samu ayari babba ka yi shatar mota, ka sa kuɗin a cikin farashi, direba ya tafi da ciwon kansa na taya da birki da jami'an hanya. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mota ko tana ajiye tana cin kuɗi, darajarta kullum ƙasa take yi. Fili a Kano kuwa ka san inda ya dosa.

Yanzu ga abin da na fi so ka zauna ka yi tunani a kai, don ya fi maganar kuɗi. Abin da ya yi maka daɗi a ranar nan shi ne ka yi magana an saurare ka. Shekaru kana rubutu ba ka ganin fuskar mai karantawa, sai ga mutum uku sun zuba maka ido suna cewa “ashe!” Duk marubuci zai fahimci wannan. Amma ba da labari kaso kaɗan ne na aikin. Sauran hidima ce. Kai ne za ka san inda matar da ke cikin ayari za ta samu banɗaki mai tsabta tsakanin Jakara da Ƙofar Wambai. Kai ne za ka lura dattijon nan ya fara haki tun ba a yi rabin matakalar Dala ba, ka san yadda za ka tsayar da tafiya ba tare da ka kunyata shi ba. Kai ne za ka gaya wa budurwar da ta zo daga kudu, cikin ladabi kuma tun a otal, cewa ta ɗauko mayafi. Kai ne za ka tare hannun mai kyamara kafin ya ɗauki hoton matar aure ko almajirai, ka kuma ba da haƙuri idan ya riga ka. Idan waya ta ɓata a kasuwa kai za a kalla. Idan ciki ya ɓaci bayan fura kai za a kira da tsakar dare. Za ka tsara tafiya ta yadda Azahar za ta same ku kusa da masallaci, ka san abin da baƙon da ba Musulmi ba zai yi a mintunan nan, ka san Juma'a da rana ba a ratsa birni. Labarin Barbushe da Tsumburbura da ya yi maka zaƙi a karo na farko, za ka maimaita shi sau ɗari, a cikin zafin Afrilu, wataƙila da azumi a bakinka, ga mutumin da yake latsa waya.

Marubuci ya saba aiki shi kaɗai, ya goge jimla idan ba ta yi ba, ya kashe waya idan ransa ya ɓaci. Mai jagora ba ya goge abin da ya faɗa, ba ya kuma da ikon ɓata rai. Akwai mutanen da cuɗanya take ƙara musu ƙarfi, akwai waɗanda take zuƙe su. Yini ɗaya ba zai nuna maka ko kai wane ne ba. Sai ka yi kwana uku a jere, cikinsu har da ayarin da bai yi maka daɗi ba.

Inda ka fi sauran masu wannan aiki shi ne ka iya bincike, ka san bambancin abin da aka tabbatar da abin da ake faɗa. Ka riƙe wannan da kyau, don jarabar sana'ar ita ce ƙarin gishiri. Baƙo yana son abin mamaki, kai kuma kana son ganin idonsa ya buɗe, sai shekara ɗari biyar ta koma dubu. Ka koma ka karanta Tarihin Kano, wanda Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ka san abin da ya ce game da Bagauda, da Gijimasu da ya fara ganuwa, da zuwan Wangarawa a zamanin Yaji. Ka san Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ciki da bai, don rabin abin da za ka nuna wa baƙo nasa ne: Gidan Rumfa, Kasuwar Kurmi, Gidan Makama, da zuwan Shehu Magili da ya rubuta masa nasiha kan mulki. Ka karanta abin da Bajamushen matafiyin nan Barth ya rubuta da ya zo a 1851 ya ga yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ka san 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, da Sarki Alu, ka san Baturen da ake kira Ɗan Hausa da makarantar da ya buɗe a Nassarawa a 1909, ka san jirgin ƙasa da dalar gyaɗa da Alhassan Ɗantata, ka san Gidan Mambayya da abin da Malam Aminu ya tsaya a kai. Inda labari ya zama na baka, ka ce “haka magabata suke faɗa”, ba wanda zai raina ka. Kuma kada ka ɓoye abin kunya. Baƙo yana da ido, zai ga ganuwa ta zaizaye an yi gini a kanta, zai ga ƙofofin da aka rushe aka sake da siminti, zai ga ramukan marina da yawa sun bushe. Ka gaya masa yadda aka yi. Mai hankali ya fi son wannan a kan kirari.

Littafi kuma ba ya isa. Allon marinar Ƙofar Mata ya ce 1498, wannan kowa zai karanta da kansa. Abin da baƙo zai biya ka dominsa shi ne ka san marinin da sunansa, ka san yadda ake haɗa baba da toka, kwana nawa ruwa yake yi kafin ya nuna, me ya sa ake tsoma zane a ɗaga shi ya sha iska a sake tsomawa, ka kai shi wurin mabuga ya ji ƙarar bugu, ka gaya masa dalilin da Buzaye suke neman turkuɗin Kura. Wannan sai ka je ka zauna, ba ranar da kake da baƙi ba. Ka je da goronka, ka gai da dattawa, ka yi ta zuwa har su daina ganin ka a matsayin baƙo. Haka za ka yi da dukawa da majema da maƙera da masu sayar da littattafan ajami a Kurmi, da mai unguwar duk inda za ka riƙa ratsawa. Jarin sana'ar ke nan, kuma ba a sayen sa da kuɗin fili.

A nan akwai wata magana da gara ka yanke ta tun yanzu, maganar la'ada. Ran da ka fara kawo masu saye, 'yan kasuwa za su fara sa maka naka a kan farashi, baƙo ya biya bai sani ba. Kowa yana yi, za a ce maka. Ni dai shawarata kada ka karɓa a ɓoye. Baƙon ya ba ka amanar kansa ne a garin da bai san farashi ba, kuma ran da ya gane, ba zai gaya maka ba, zai gaya wa duk wanda ya tambaye shi lambarka. Ka sa kuɗin aikinka yadda zai ishe ka. Ka kuma ware abin da za ka ba masu sana'ar da suka bar aikinsu suka yi wa baƙinka bayani, ko an saya ko ba a saya ba, ka rubuta shi a fili cikin farashi. Marini ba abin kallo ba ne na kyauta.

Sai jaridar nan da take riƙe da kuɗinka. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mutumin da ya miƙa aiki ba tare da kafin alƙalami ba, ya yi watanni yana jin nauyin tambayar haƙƙinsa, zai tafi da wannan halin duk sana'ar da ya koma. A jagoranci ma ya fi muni, don kai ne za ka fara kashe naka a mota da ruwa da kuɗin shiga, sannan a kira ka da safe a ce an fasa. Abokin abokinka zai ce ai kai na gida ne. Wani babba zai ce a zaga da baƙinsa, “za mu yi magana”. Ka koyi cewa rabi kafin a fita, ragowar kafin a rabu, kuma wanda ya fasa a ranar ba a mayar masa. Ka fara gwada bakinka a kan jaridar: ka rubuta musu a yau, da adadin kuɗin da ranar da ka miƙa aikin da ranar da kake so a biya, kuma kada ka ƙara ba su ko layi ɗaya sai sun sauke.

Ban yarda rubutu ya mutu ba, wani irin rubutu ne ya mutu. Fassarar takardar wayar da kai da rubutun talla na gama-gari, na'ura ta karya farashinsu, ƙungiyoyin agaji kuma sun rage aiki tun da Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025. Wannan ba zai dawo yadda yake ba. Amma na'ura ba ta taɓa zama a bakin karofi ba, ba ta san abin da dillalin shanu yake yi da hannu a ƙarƙashin riga ranar Juma'a a Wudil ba, ba ta hau Dala ranar Takutaha ba. Duk fitar da za ka yi da baƙi, da duk zaman da za ka yi da masu sana'a, labari ne da ba kowa yake da shi ba, kuma irinsa ne edita yake saye har yanzu. Ta ɗaya ɓangaren, ba wanda zai san kana jagora sai ta rubutunka. Mutumin Legas da zai zo biki wata mai zuwa, abin da zai fara yi shi ne ya bincika a waya. Idan ya tarar da rubutu mai kyau a kan Kurmi, da Hausa da Turanci, da hoto da lamba a ƙasa, ya same ka. Masu jagora da yawa sun san gari ba su iya rubutu ba. Kai za ka jefar da abin da ka fi su da shi ne a ranar da ka shiga cikinsu?

Na takardu ba su da yawa. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da sunan, don makaranta da kamfani ba sa tura kuɗi asusun mutum. Ka je hukumar yawon buɗe ido ta jiha da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ka gabatar da kanka ka ji sharuɗɗansu. Cibiyar NIHOTOUR, mai koyar da aikin otal da yawon buɗe ido, tana da reshe a Bagauda, ka tambayi gajerun kwasa-kwasansu. Ka koyi taimakon gaggawa. Fada kuma ba a kai baƙo sai da izini, ka nemi hanyar tun kafin ka yi wa kowa alkawari. Yankari da rijiyar Kusugu da hasumiyar Gobarau duk suna da kyau, amma ka bar su tukuna. Hanya mai nisa da ran mutane a hannunka wani mataki ne daban, kuma halin tsaron hanyoyinmu ba a yi masa kasada da baƙo.

Shirun maiɗakinka ba yarda ba ce, ƙanena. Lissafi take yi: kuɗin makaranta, buhun shinkafa, da filin da take ganin wata rana za a kafa masa tubali a bar haya. Ita ta san abin da gidan yake ci a wata fiye da kai. Ka zaunar da ita, kada ka fara da daɗin da ka ji, ka fara da cewa filin yana nan. Sannan ka tambaye ta nawa ne idan ya shigo kowane wata hankalinta zai kwanta. Wannan adadin shi ne ma'aunin gwajinka. Ka sani ma akwai ƙofofin da ba za su buɗe maka ba sai da mace: baƙuwar da take son ganin masu lalle ko masu saƙa ko yadda ake dambun nama a cikin gida, kai iyakarka zaure. Idan tana da sha'awa, wannan rabonta ne, da kuɗinta daban.

Hajiya kuwa ba sana'ar take ƙi ba, hoton da take gani take ƙi: yaron da yake bin Bature a baya yana jiran a miƙo masa. Gardama ba za ta goge wannan ba. Ran da za ka fita da ɗaliban makaranta, ka biya ta gaishe ta da shirinka a hannu, ta ga malami ne zai fita da ɗalibai. In da hali ka ɗauke ta ita da jikokinta ka kai su Gidan Makama, ka yi musu abin da kake yi wa baƙi. Ka nemi albarkarta kafin fitar farko da za a biya ka, kuma ka yi istihara.

Ga yadda zan so ka gwada. Sanyi shi ne lokacin, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka tsara tafiya biyu kawai, ɗaya ta safiya da ƙafa ta awa uku, ɗaya ta yini. Ka bi su kai kaɗai da agogo kafin ka kai kowa. Ka sa farashi, ka rubuta shi, kada ka yi kyauta ko ga ɗan'uwa. Asabar da Lahadi na baƙi, sauran kwanaki na rubutu. Ka sayi littafi guda ka riƙa rubuta wanda ya zo, ta ina ya ji labarinka, nawa ya biya, nawa ka kashe, nawa ya rage, da yadda jikinka da ranka suka kwana. Layin “ta ina ya ji” ya fi kowane muhimmanci. Idan har ƙarshen Fabrairu duk abokai ne da abokan abokai, to kana da abin sha'awa mai kawo ɗan kuɗi, ka riƙe shi a haka. Idan waɗanda ba ka sani ba sun fara kira, makaranta ta nemi ka dawo zango na gaba, sai ka ci gaba har ka ratsa bazara da azumi da damina, don ka ga watannin da ba kowa. Bayan shekara cikakkiya ka ajiye littafin a gaban maiɗakinka, ku duba tare ko ya kai adadin da ta faɗa.